Kwana Uku Ina Neman Ɗaki A Samaru

Ranar da na buɗe shafin makaranta na ga babu sauran gado, ina tsaye ne a bakin gonar rakenmu a Nasarawan Doya, na ɗaga waya sama ina laluben sabis. Laifina ne. Kwana biyu ke nan da buɗe shafin, abokaina sun yi ta kira ba su same ni ba, ina can muna ɗaurin rake, wayar kuma babu caji. A shekarata ta farko a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na zauna ne a hostal, har na ɗauka kowace shekara gadon yana nan yana jira na.

Na san ƙannena 'yan aji biyar da aji shida na sakandare hankalinku yanzu yana kan WAEC da NECO da JAMB, kuma haka ya kamata. Amma ni babu wanda ya taɓa gaya mini cewa bayan an samu gurbin karatu akwai sauran aiki, wato neman inda mutum zai shimfiɗa katifarsa. Jami'ar tana da manyan ɗakunan kwana: Danfodio da Akenzua da ICSA da Ramat na maza, Amina da Ribadu da Alexander na mata. Gidauniyar Aliko Dangote ma ta gina wasu gine-gine goma masu gadaje 2,160. Duk da haka ɗalibai sun fi gadajen yawa, kamar yadda abin yake a kusan kowace babbar jami'ar gwamnati a ƙasar nan. Wanda bai samu gado ba, sai ya tsallaka titi.

Bayan sallar isha na sami Baba a ƙofar gida na gaya masa. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan zafi ke nan. Washegari ya kira masu sayen rake suka yi cinikin wani ɓangare na gonar a tsaye, alhali da ya ƙara haƙuri na 'yan makonni da ya fi haka daraja. Da zai miƙo mini kuɗin sai ya riƙe su a hannunsa tukuna, ya ce, "Kai, wannan kuɗin ɗaki ne. In suka salwanta, babu wani raken."

Inna kuwa ta haɗa mini garin masara da kuka da daddawa da mazarƙwaila a bakko, ta ce in nemi gidan da akwai manya a ciki.

Mota ta sauke ni a Kwangila, ƙarƙashin gadar sama, inda titin Kano zuwa Kaduna ya haɗu da hanyar Sakkwato. Daga nan ƙaramar bas ke ɗaukar mutum ta bi ta Palladan, ta wuce Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama wadda aka kafa a 1964, ta wuce Zango, sannan Samaru. Shekara guda ina bin hanyar nan ban taɓa kallon gidajen da ke gefenta ba. Ranar kuwa kowace taga na gani sai in ce ko babu kowa a ciki.

Wanda bai taɓa zuwa ba, ga yadda wurin yake. Titi ɗaya ne ya raba gari biyu. A hannu ɗaya katangar jami'a ce, da manyan itatuwa, da dogon ginin hukumar gudanarwa da ake hangowa daga nesa. A ɗaya hannun garin Samaru ne, da kasuwarsa, da shagunan buga takardu, da masu shayi, da lunguna da suka nausa ciki har Hayin Dogo, can gaba kuma ƙauyen Bomo. Samaru ta girmi jami'ar. Tun 1922 ake binciken noma a nan, shekara arba'in kafin a buɗe jami'ar a watan Oktoba na 1962. Ku 'ya'yan manoma kun san sunan garin ko ba ku lura ba: irin masarar da ake kira SAMMAZ, da dawar SAMSORG, da waken SAMPEA, haruffa ukun farko na Samaru ne, domin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta nan ce take fitar da su. Gari ne da ya daɗe yana saukar baƙi, ma'aikata da ɗalibai, shi ya sa za ka ji Hausa da Yarbanci da Ibo da Turanci a layi ɗaya, shi ya sa kuma bayar da ɗaki haya ya zama sana'a sosai.

Kwana ukun da na yi ina nema, a ɗakin wani abokina da ya dace da gado na raɓa, mu biyu a kan katifa mai cin mutum ɗaya. Wasu haka suke yi har shekara ta ƙare. Ba na ba ku shawarar hakan, domin ya saɓa wa dokar makaranta, kuma duk daɗin da kuke yi da mutum, ran da ya gaji da ganin ƙafarka kusa da fuskarsa za ka gane a idonsa.

Rana ta farko na faɗa hannun dillali. Ban neme shi ba, shi ya gan ni ina ɗaga kai ina karanta lambobin wayar da ake rubutawa da gawayi a jikin katanga.

"Ɗan makaranta, ɗaki kake nema? Ai ka zo gida."

Kafin mu taka ko'ina ya karɓi naira 2,000, wai kuɗin gani. Ya fara kai ni irin ɗakunan da ɗalibai ke kira sef-kwanten, wato ɗaki mai banɗakinsa da ɗan wurin girki a ciki. Irinsu sun yi yawa a wajen Danraka da kuma can Zango da Palladan: tayil a ƙasa, tankin ruwa a sama, get na ƙarfe. Da ya faɗi kuɗin sai na ji kamar da wani yake magana. Ko gonar gaba ɗaya Baba ya sayar, da ƙyar. Ga kuma la'adarsa a kai, kashi 10 cikin 100, wani wurin har da kuɗin rubuta yarjejeniya. Da ya ga fuskata sai ya rage murya.

"Akwai wani, na mutumina ne. Saboda kai zan sa baki."

Ɗaki ne mai kyau ƙwarai, a wani gida mai tsabta kusa da titi, amma a kulle. Ta taga na leƙa, na ga fanka da ledar ƙasa sabuwa. Ya ce mai makullin ya tafi Kano sai jibi, kuma akwai wasu 'yan mata biyu da suke son ɗakin, in ina so in ba da rabin kuɗi kafin alƙalami. Wallahi hannuna ya kai aljihu. Abin da ya tsayar da ni ba wayo ba ne, fuskar Baba ce da na tuna lokacin da ya riƙe kuɗin nan bai sake su ba. Na ce sai na yi shawara. Ya ɓata rai ya ce in na rasa kada in neme shi.

Da magariba na koma layin ni kaɗai, na zauna wurin mai shayin da ke kallon gidan, na sa aka haɗa mini. Cikin hira na tambayi ɗakin. Ya dube ni ya yi dariya.

"Wancan mai koren labule? Malam, ai da mai shi. Hutu ya tafi, ni nake ba shi bashin biredi."

Ba na ce duk dillalai haka suke ba. Akwai waɗanda suka shekara ashirin suna aikin, kowa ya san gidansu da iyalinsu, kuma ba za su zubar da mutuncinsu saboda kuɗin ɗalibi ɗaya ba. Amma tun daga daren nan na ƙudurta ba zan biya kuɗin ɗakin da ban tsaya a tsakiyarsa ba, kuma ba zan miƙa wa kowa ba sai mai gidan, a gaban shaida.

Rana ta biyu na bar dillalai na bi 'yan ga-ruwa. Wannan ita ce dabarar da ta fi yi mini amfani, kuma mai shayin ne ya ba ni ita. Mai tura kurar ruwa yana shiga kowane gida. Ya san ɗakin da aka kwashe kaya, ya san gidan da ake yawan rigima, ya kuma san abin da ya fi kome muhimmanci: gidan da rijiyarsa take ƙafewa, domin nan ne kasuwarsa. A cikin makaranta ruwa daga madatsar Kubanni yake zuwa, shekara guda ina buɗe famfo ban taɓa tunanin daga ina ba. A gari kuwa kowane gida da tasa hanyar. Wani rijiya, wani burtsatse wadda sai an kawo wuta take aiki, wani kuwa babu kome sai jarkar ɗan ga-ruwa. Na zo neman ɗaki ne cikin sanyin hunturu, lokacin da yawancin rijiyoyi suna da sauran ruwan damina, saboda haka duk wadda na leƙa sai in ga fuskata a ciki. Tambayar da ta kamata ita ce yaya take a watan Maris da Afrilu.

Haka ma damina. A rani kowane ɗaki lafiyarsa ƙalau. Amma in ka ɗaga kai ka ga zane launin shayi a silin, kwanon yana yoyo. In ka duba gindin bango ka ga fenti ya kumbura yana zuba kamar gari, ɗakin yana tsotsar ruwa daga ƙasa, kuma a watan Agusta littattafanka da katifarka za su yi funfuna. In ƙofar ɗakin ta fi tsakar gida ƙasa, ka san inda ruwan sama zai nufa. Na shiga wani ɗaki mai arha ƙwarai a bayan Dogon Icce, an yi masa sabon fenti har yana ƙamshi, sai na ga kwatar gidan gaba ɗaya a ƙarƙashin tagarsa take bi. Na yi godiya na fito.

Yawancin ɗalibai irina a gidajen haya na gargajiya suke ƙarewa: ɗakuna a jere suna kallon juna, tsakar gida ɗaya, banɗaki ɗaya ko biyu na kowa da kowa. A irin wannan gida, ƙidaya ƙofofi ya fi duba ɗaki. Ƙofa goma sha biyu da makewayi ɗaya, kana da lacca ƙarfe takwas na safe, ka yi lissafin da kanka. Sai batun wuta: mita ɗaya ce ake karo-karo, kuma a nan ake yawan saɓawa, domin mai ƙwai ɗaya da cajin waya ba ya son ya biya daidai da mai hita da dutsen guga.

Nisa kuma kuɗi ne da ba a rubuta shi a rasit. Duk yadda ka ƙara nutsawa cikin gari, ɗaki yana ƙara sauƙi, har ka kai wajen Bomo inda za ka ji kamar kyauta ake bayarwa. To amma ka ɗauki kuɗin acaba zuwa da dawowa, ka ninka shi da kwanakin karatu na shekara, ka ɗora a kan kuɗin hayar. Na yi wannan lissafin a bayan littafina, sai ga ɗakin nesa ya kamo na kusa har ya so ya wuce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 lissafin ya ƙara tsananta. Akwai abokina ɗan Hunkuyi da ya ce shi ba zai kama haya ba, tunda garinsu ba nisa da Zariya, kullum zai riƙa zuwa daga gida. Ya jure zango ɗaya. Laccar safe tana wuce shi, ta yamma kuma yana fita kafin a tashi don kada ya rasa mota. Yanzu ɗakinmu ɗaya. Mu 'yan Makarfi da Ikara ma ba mu da wannan zaɓin tun farko.

Nisa yana cin wani abu kuma bayan kuɗi. Ɗan hostal yana iya zama a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim ko a aji har dare ya raba, ya miƙe ya taka zuwa gadonsa. Wanda ke cikin gari sai ya riƙa duba agogo, yana tunanin lungun da babu fitila. Lokacin jarrabawa nakan kwana a aji in koma gida da asuba.

Wani kuskure da sababbin ɗalibai ke yi shi ne kama ɗaki kafin su san inda sashensu yake. Jami'ar ba wuri ɗaya take ba. Masu karatun shari'a a Kongo suke, kusa da Tudun Wada da Gyallesu, tafiya ce mai nisa daga Samaru sai an ratsa gari. Masu karatun likita kuma in sun yi nisa sukan koma wajen asibitin koyarwa da ke Shika. Na san wanda yayansa ya biya masa shekara guda a Samaru don murna, alhali Kongo aka ba shi.

Ƙannena mata, naku ya fi namu wuya, ba zan ɓoye muku ba. Ku yi iya ƙoƙarinku ku sami gado a ciki, ku kwana da waya a cike ranar da za a buɗe shafin. In ba a dace ba, yawancin iyaye sun fi natsuwa da gidan dangi a cikin Zariya ko Tudun Wada ko Sabon Gari. Yana da rufin asiri da abinci, amma wata 'yar ajinmu da ke zaune gidan gwaggonta ta ce mini sai ta gama wanke-wanke da shirya yara sannan ta fito, kuma ba ta da bakin cewa tana da jarrabawa. Gara a yi wannan maganar tsakanin manya tun kafin a kawo akwati. Waɗanda suka kama haya kuwa, na ga sun fi samun kwanciyar hankali in sun haɗu su biyu ko uku a gidan da matan aure suke, mai ƙofa ɗaya da ake rufewa da dare.

A rana ta uku wani ɗan ga-ruwa ya nuna mini gidan wata dattijuwa a Hayin Dogo. Ɗakuna shida ne, ita tana ciki da jikokinta, rijiya a tsakar gida, bishiyar gwaba a gefe. Na yi sallama na durƙusa na gaishe ta. Ba ta fara da maganar kuɗi ba.

"Ɗan wane gari ne kai?"

"Nasarawan Doya, Hajiya, ta ƙasar Makarfi."

"Masu rake. Me kake karantawa? Kana salla? Kana da abokai masu kiɗa?"

Ta kafa mini sharuɗɗa: ana rufe ƙofa ƙarfe goma, baƙuwa mace iyakarta zaure, ranar Asabar kowa ya fito shara. A raina na ce wannan ai ya fi hostal tsanani. Amma na tuna maganar Inna, na kuma lura cewa takalman mutanen gidan duk a waje suke, babu wanda ya ɓoye nasa.

Kafin in biya, wani ɗan shekarar ƙarshe da ke gidan ya ja ni gefe ya ce in tambayi yadda take ƙirga shekara. Shi ya ga abin da idonsa. A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta tafi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas. Ya biya haya ana saura 'yan makonni a fara, ya koma garinsu ya zauna, ɗakin yana kulle kuɗin yana tafiya. Da aka dawo, karatu bai motsa ba amma hayar ta kusa ƙarewa. Gadon hostal da shekarar karatu yake tafiya, ɗakin gari kuwa da kalanda. Na tambayi Hajiya, ta ce ita wata goma sha biyu ta sani, ba ruwanta da yajin aiki. Ban ji daɗi ba, amma gara da na ji tun kuɗin suna aljihuna. Jikanta ya rubuta takarda: ranar shiga, ranar fita, adadin kuɗi, wanda zai gyara kwano in ya yi yoyo. Na sa hannu, ta dangwala, ɗan shekarar ƙarshen ya zama shaida. Na ɗauki hoton takardar a waya na tura wa yayana.

Sauran kuɗin ya tafi a kan abubuwan da ban taɓa sa su a lissafi ba: ledar ƙasa, labule, bokiti biyu, kwaɗo, ƙaramar tukunyar gas, tsintsiya. Da abokina ɗan Hunkuyi ya shigo ya biya ni rabin hayar, sannan na numfasa. Daga ƙofar gidan zuwa ajinmu minti ashirin da biyar ne a ƙafa, in ban tsaya gaisawa ba.

Zaman yana da daɗinsa da ban zata ba. Na koyi tuƙa tuwo ba gudaji. Ran da zazzaɓi ya kayar da ni, Hajiya ce ta lura ban fito sallar asuba ba, ta aiko jikanta da kunu, ta sa aka raka ni asibitin makaranta. Ina koya wa jikokin lissafi da yamma, ita kuma takan ture mana kwanon ɗanwake ta ƙarƙashin labule ba tare da ta ce kome ba. Akwai kuma ranakun da nake jin haushin ƙofar nan ta ƙarfe goma, musamman in ana kallon ƙwallo.

Wata biyu da tarewata Baba ya shigo Samaru neman irin masara, ya ce bari ya ga inda rakensa ya tafi. Na share ɗaki na gyara littattafai. Ko minti ɗaya bai yi a ciki ba. Ya gaisa da Hajiya, ya wuce bakin rijiya, ya zura guga, ya jawo yana auna igiyar da hannunsa gaba-gaba.

"An ce maka ba ta ƙafewa?"

"Haka mai ruwa ya ce, Baba. Ya ce ita ce ta ƙarshen ƙafewa a layin."

"Ta ƙarshen ƙafewa," ya maimaita, ya ajiye gugan. "To ka tanadi kuɗin jarka."

A makon farko na Afrilu guga ya fara dawowa da laka. Mun sayi ruwa har sai da damina ta sauka sosai, wurin ɗan ga-ruwan nan da ya nuna mini gidan. Yanzu saura wata uku hayata ta cika, Hajiya ta riga ta tambaye ni ko zan sabunta. Na ce mata sai na ga yadda ta kasance ranar da aka buɗe shafin gado. Na sayi ƙaramin batirin cajin waya, na kuma gaya wa Baba cewa a wannan makon, ko raken zai bushe a tsaye, ba ni zuwa gona.